Ƙyauren Ɗakin Zuwaira

Matameye,
ranar Talata, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka zuciyarka ta ɗan sauka, don na san tun shekaranjiya a sama take. Allah ya tsare ka a hanyar Damagaram, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya kuma tsare mutane daga naka sharrin. Kada ka ji haushin wannan ta ƙarshen. Ni da an yi mini ita ina kamarka, da na gode.

Za ka ce Baba ya fara rikicewa, katanga ɗaya tsakanin ɗakina da naka amma ina rubuto maka wasiƙa kamar kana Ikko. To ka san halinmu. Kai ɗan fari ne, ban saba zama da kai in saki baki ba. In na fara magana sai harshena ya yi nauyi, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba" har in gaji in ce tashi ka tafi. Wannan maganar ba ta "to Baba" ba ce. Rubutun kuwa na karatun manya ne, kai ɗan lakwal mai karatun boko in ka ga baƙi ya karkace ka yi dariyarka ka wuce.

Tun safe na kasa zama. Na shimfiɗa buzu a zaure, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Na kunna rediyo na ji sojoji suna ta bayani kan hatsin taimako, na kashe. Uwarka ta leƙo ta ce, "Malam, ko kunama ce a shimfiɗar?" Ba kunama ba ce. Ƙyauren nan ne da ka jingine a bangon zaure, duk inda na juya shi nake gani.

Jibi za ka hau kamiyo, babbar motar kaya, ka tafi Damagaram. Alhaji Maina ya danƙa maka gidajensa na haya, kai ne wakilinsa, kai za ka sa mutum ɗaki, kai za ka fitar. Wallahi na yi murna, a wannan fari da samari ke zaune gindin bishiya ba aikin yi. Amma shekaranjiya ka ɗauki guduma ka cire ƙyauren ɗakin Zuwaira, 'yar hayarmu ta ɗakin ƙurya, saboda ta tara dangin mijinta da yunwa ta koro daga ƙauyukan Yauri. Ka ce ta sallame su, ta ce maka a gaban mata, "In kore su su tafi ina?" Ka ji an ci fuskarka, ka ce to ita ma ta tashi. Ina tsaye, ban ce uffan ba, don ban so in kunyata ka gaban 'yan haya. Yanzu ga ta can tana ɗaure kaya. Ta ce ranar kasuwa za su koma bayan gari inda masu gudun yunwa suka kakkafa bukkoki. Mijinta yana cin rani a Najeriya, iyaka a rufe, ba shi ba labarinsa. Ga goyo a bayanta, ga ƙafar nan da take ja.

Ban ce ba ka da hujja ba. Masai ya cika. Ruwan da muke saye wurin 'yan garuwa ba ya kai la'asar. Malamin lakwal da ke ɗakin gaba, wanda muke kira Mushe, ya ce in hayaniyar nan ba ta ragu ba zai tashi, kuma shi kaɗai ne mai albashi a gidan. Duk na sani, ina da ido. Amma hujja daban, cire ƙyaure daban, kuma ni na san bambancinsu fiye da kowa a garin nan.

An gaya maka soro ne ya faɗa wa Zuwaira tana yarinya. Haka ne. Abin da ba a gaya maka ba, soron gidan nan ne, kuma ni na jawo. Kana Kance wurin kakarka a lokacin. Na hana uwarka ta faɗa maka, mutanen unguwa kuma suka rufa mini asiri. Yau zan faɗa maka da kaina, tun daga tushe.

A farin da ya wuce ne, wanda a cikinsa sojoji suka karɓi mulki. Kafin nan na yi shekaru ina zuwa Kano cin rani, ina dako, ina haƙa rijiya, har Allah ya ba ni abin da na jera ɗakunan nan da shi. A Kano ni ma ɗan haya ne. Wakilin mai gidanmu wani dogo ne da ba ya zuwa sai ƙarshen wata, fuska a ɗaure, ba sallama, ba ina kwana. Muna jin tarinsa a ƙofar gida sai kowa ya sha jinin jikinsa. Na tsane shi kamar me. Amma ka ji wautar ɗan Adam, ranar da na samu nawa gidan sai na zama shi. Na ɗauka ɗaure fuskar shi ne aikin. Na daina gaida 'yan haya, in sun gaishe ni in ce "uhm". Aka yi suna a ɗakin wani ban leƙa ba, wai kada a raina ni. Yara suna wasa a tsakar gida, da sun hango ni sai su watse, suna raɗa "ga mai gida".

Kai kada ka yi haka a Damagaram. Ka riƙa zuwa gidajen nan a ranar da ba ka je karɓar komai ba. Ka yi sallama ka jira a amsa, ɗakin na Alhaji ne amma mutuncin da ke ciki nasu ne. In an ba ka ruwa ka sha, ko da na tulu ne mai ƙasa-ƙasa. Ka san sunan yaransu. In an yi rasuwa ka zauna a tabarmar gaisuwa, ba ka tsaya daga bakin ƙofa kana duba agogo ba. Na san za ka ce wannan ai halin kirki ne kawai, ina ruwansa da aiki. To shi ne aikin, Magaji. Mutumin da bai taɓa ganin haƙoranka ba, ba zai zo ya gaya maka abin da kake bukatar ji ba.

Uban Zuwaira sunansa Habu, mutumin Tsauni. Gonarsa ta ƙone tun gero bai yi kai ba, ya kwaso matarsa da 'yarsa ya zo gari yana dako a tasha. Mutum ne marar magana, in ka yi masa tsawa sai ya yi murmushi don kunya. Ya fara biya daidai, sannan dako ya yi ƙaranci, kuɗin haya ya tsaya. Ya riƙa sulalewa tun asuba don kada mu haɗu. Ni kuwa raina sai ƙara ɓaci yake. Rannan aka kawo jar dawar taimako, maza suka yi layi a rana, gardawan hukuma masu kaki da bulala suna gyara layi. Na hango Habu riƙe da buhu. Na ratsa mutane na tsaya a kansa.

Na ce, "Habu, ashe kana gari?"

Ya ce, "Ina nan, mai gida. In mun koma gida ma yi magana."

Na ɗaga murya na ce, "Wane gida? Kana da gida ne? Ka iya layin dawa, ba ka iya layin biyan haya ba!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka kawar da kai. Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, a nan?" Habu ya naɗe buhunsa ya fita daga layin, ranar iyalinsa ba su samu dawar ba. Ni kuma na koma gida ina jin na yi bajinta.

Ka ga, ba na cewa kada ka nemi haƙƙin Alhaji. Ka nema. Amma ka ja mutum gefe. Ku fito daga masallaci tare, ka raka shi 'yar tafiya, ka fara da tambayar iyali. Ka bar shi ya faɗi ranar da zai iya da bakinsa, don mutum ya fi tsoron saɓa tasa maganar a kan taka. Kada ka aika masa ta bakin matarsa, kada ka aika ta bakin ɗansa, kada ka yi masa magana inda abokan sana'arsa ke ji. Wanda ka tozarta gaban mutane, ko ya biya ka, ka rasa shi.

Daga nan sai abin ya ci gaba, don fushi in ka ba shi wuri ba ya tsayawa inda ka ce. Lokacin kaki sabon hawa ne, kowa na tsoronsa. Ina da wani gardi da nake ba goro, muna gaisawa. Na ce masa ya zo ya tsaya mini kawai, ba sai ya yi komai ba. Muka shiga da hantsi, mata suna tsakar gida. Na sa guduma na cire ƙyauren ɗakin Habu. Matarsa tana ciki da zane ɗaya, ta rarumi tabarma ta kare jikinta. Habu ya fito ya ce, "Mai gida, don Allah, akwai mace a ciki." Maganar da ya yi ke nan. Gardin ya ce, "Kai, da wa kake?" Ya kwashe shi da mari, ya sa shi durƙuso a rana, ya shure tukunyar da ke kan murhu, ɗan kunun da ke ciki ya zube a ƙasa. Zuwaira tana maƙale a bayan uwarta tana kallo. Na ce, "Ya isa, ya isa," ya ce mini, "Kai ka kira hukuma, yi mana shiru." Ban ce ya yi ba. Amma ni na kawo shi.

Alhaji Maina ya san manya, za ka ga jandarmomi suna shan shayi a ƙofar gidansa, za su ce maka in wani ya yi taurin kai ka faɗa musu. Ka yi godiya, ka ba su goronsu, kada ka kai su gidan haya. A zamanin nan in ka kira kaki ba kai ke cewa ya tsaya ba. In magana ta fi ƙarfinka akwai mai unguwa, akwai liman, akwai dattijon da ɗan hayar ke jin kunyarsa. Waɗannan in sun shiga magana, gobe kai da mutumin kuna iya gaisawa.

Na jingine ƙyauren a zaure, daidai inda ka jingine naka. Kai, da na shigo shekaranjiya na gan shi a wurin, sai da na ja da baya.

Habu bai tashi ba, ba inda za shi. Suka rataya tsohon asabari a bakin ɗakin suka ci gaba da zama. Gidan kuwa ya yi tsit. Kowa ya biya, wata ta sayar da akuyarta, wani ya sayar da bargonsa. Ba mai kawo mini ƙara, ba mai cewa masai ya cika, ba mai cewa bango ya tsage. In na shigo mata su shige ɗaki, maza su tuna suna da uzuri a kasuwa. Na ce wa uwarka, "Kin gani? Yanzu gida ya daidaita." Ta ce, "Malam, wannan shirun ba na lafiya ba ne." Na ce ta yi harkar tuwonta.

Ga abin da ke faruwa ban sani ba. Jerin ɗakunan ƙurya, da na zo rufi kuɗina ya ƙare, ban sa azara ba, na sa itacen da na samu da araha. Da fari ya daɗe kuma na daina kiran magini ya yi yaɓe kafin damina. Na ce ruwan ma ina yake da za a yi masa yaɓe? Rana ta gasa soron ya dare. Gara ta shiga itacen tana ci. Ƙasa ta riƙa zubo wa su Habu a kan shimfiɗa, kullum matarsa sai ta share. Indararo ya toshe da yashi da sheƙar tsuntsu. Duk gidan sun sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, mai gida.

Sai Allah ya kawo ruwa. Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mutane suka fito titi suna kabbara, tsofaffi suna kuka. Aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito da tukwane da kwanoni suna tara, yara suna tsalle tsirara. Ni ma ina bakin zaure na ɗaga hannu ina hamdala. Ruwa ya taru a kan soron ɗakin Habu ya rasa hanyar sauka. Uwar Zuwaira ta ce mata, "Shiga ki ɗauko mini babbar ƙwarya." Yarinya ta shiga da gudu tana dariya.

Ƙarar ba ta ma da yawa, Magaji. Wani "rim" ne kawai, sai ihun uwar. Muka haƙa da hannu, laka har gwiwa. Allah ya sa kanta yana wajen ƙofa, gungumen itace ya danne ƙafar. Da muka zaro ta ba ta kuka, idonta a buɗe tana kallonmu. Aka rasa abin da za a ɗora ta a kai, ƙafar ba ta taɓuwa. Wani ya ruga zaure ya ɗauko ƙyauren. A kansa muka ɗauke ta zuwa likita, ni da Habu da mutum biyu, ina riƙe da gaba yana riƙe da baya, cikin ruwa. Har muka isa bai dube ni ba.

Washegari na tsaya a tsakar gida ina faɗa, don kunya in ta rasa mafita faɗa take zama. Na ce, "Duk kuna gani soro ya dare ba mai gaya mini?" Akwai wata tsohuwa mai daddawa a ɗakin kusa, ba ta tsoron kowa don ta ce kabarinta ya fi kusa da ita a kan ƙauyensu. Ta ce, "Wa zai gaya maka? Wanda ya ce a yi masa haƙuri ka kawo masa gardi. Wanda ya ce soronka ya lalace me za ka kawo masa, soja? Uwar yarinyar nan sau nawa tana zuwa bakin zaure ta juya. Kai ka toshe bakinmu, Malam, kada ka tsaya nan kana tambayarmu." Na juya na shige ɗaki.

Don haka ɗan hayar da ke damunka da ƙorafi, yau kwano na yoyo, gobe makwabci ya zubar da ruwa a ƙofarsa, kada ka tsane shi. Shi ne idonka a gidan da ba ka kwana. Ka saurare shi har ya gama, ko da rabin maganar shirme ne. In ka ce za ka gyara ka gyara, in ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba yanzu, kada ka ce "gobe" alhali ka san ba goben. Kuma in ka shiga ɗakin mutum ka zauna a tabarmarsa, in ka zauna idonka zai kai rufi. Gidan da ka shiga ka ji kowa ya yi shiru, kada ka yi murna, ka nemi abin da ka yi musu.

An kai Zuwaira Damagaram, an dawo an yi ɗori, ƙafar ta kama a karkace. Habu bai kai ni ƙara ba. Mutane suka zuga shi, ya ce ƙaddara ce. Ya kwashe iyalinsa ya koma Tsauni. Kuma ka ji inda na sake yin wauta. Maimakon in taka in je in durƙusa in ce Habu ka yafe mini, sai na riƙa aika masa da gero ta hannun mutane. Kowace kaka in aika, in ji kamar na rage wani abu. Ina cewa bana zan je, bana zan je, sai aka aiko ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna cikin mutane kamar kowa. Maganar da ya kamata in faɗa masa tana nan a maƙogwarona har yau, ita ce ke tayar da ni daga buzu.

Da aka yi wa Zuwaira aure, mijinta ya zo gari neman ɗaki. Ina ji na aika aka kira shi. Na rushe jerin ƙurya tuni na sake shi da azara, na ba su wanda ya fi kyau. Na ɗauka ba za ta yarda ta taka gidan nan ba. Ta zo, ta durƙusa da ƙafar nan da ba ta lanƙwasuwa sosai, ta ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Tun daga ranar ba ta taɓa tayar da maganar ba. Kai kuma kana ta cewa uwarka, "Baba ya cika sanyi da gurguwar nan." Na ji ka, katangar ba ta da kauri.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka zama tabarma kowa ya taka ba. Dukiyar Alhaji amana ce, akwai 'yan hayar da za su gwada ka tun makon farko su ga ko ɗan ƙauye ne aka kawo musu. Ka tsaya a kan magana ɗaya, wadda ka faɗa wa mai albashi ita za ka faɗa wa ɗan dako. In dole mutum ya tashi, ka gaya masa tsakaninku, ka ba shi lokaci, ka taya shi cigiyar wani ɗakin, ya fita ta ƙofa da mutuncinsa. Maganar gidan nan ma tana da gyara ba da guduma ba. A cikin baƙin Zuwaira akwai dattijo, ƙanen surukinta, da shi ya kamata a zauna. Mazan su dawo zaure su kwana. Samarin cikinsu su haƙa sabon masai a bayan gida, su riƙa ɗebo ruwa a rijiyar lambu maimakon mu saya, ai ƙarfi ne da su, abinci ne babu. Mushe kuma a same shi a ba shi haƙuri, a gaya masa abin da aka shirya, mutum ne mai hankali. Ni ya kamata in yi wannan tun da suka fara zuwa. Na kasa haɗa ido da ita in yi maganar, na bar maka, kai kuma ka yi irin ta ubanka.

Ɗazu da hantsi, kana wurin tela karɓar kayanka, ta zo zaure. Na ji jan ƙafar tun daga tsakar gida, na rasa inda zan sa kaina. Ta durƙusa nan kusa da ƙyauren, ba ta ko dube shi ba.

Ta ce, "Baba, na zo ka yafe mini. Na ɗaga wa Yaya Magaji murya gaban mutane, bai kamata ba."

Na ce, "Zuwaira, tashi, ba inda za ki. Gidan nan nawa ne."

Ta ce, "A'a Baba, kada in shiga tsakaninka da ɗanka yana shirin tafiya. Shi ya ce mu tashi. In ka ce mu zauna, ka karya shi gaban 'yan haya, kuma ni ce sanadi. Bayan gari ma mutane ne a can."

Na ce, "Da jaririn? Kin san abin da ke kashe yara a bukkokin nan?"

Ta ce, "Allah yana nan." Ta dafa bango ta miƙe. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Af, Baba, na manta. Bangon bayan ɗakin ya fara darewa daga sama. A duba kafin a sa wani, ko Allah zai kawo ruwa bana."

Magaji, na yi kuka. Ni, da furfurata, a zaure, da rana tsaka.

Ka ga inda maganar ta tsaya. Ni na ce ta zauna ta ƙi, don ba ni na kore ta ba. Bakin da ya ce ta tashi shi kaɗai zai ce ta zauna ta yarda. Ina iya kiran kafinta yanzu ya mayar da ƙyauren, amma wannan aiken gero ne, na riga na gwada shi, ba ya biyan komai. Abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, roƙo ne, ka je da kanka kafin ranar kasuwa, kafin ka hau motar nan. Ka je lokacin da matan gidan ke tsakar gida, tunda a gabansu ka cire. Ka tsaya a bakin ɗakin ka yi sallama ka jira a amsa maka, ko da yake ba ƙofar da za ta tare ka. Ka gaida dattijon. Ka ce mata ta kwance kayanta. Ba sai ka yi dogon jawabi irin na rediyo ba, "ki yi haƙuri, na yi kuskure" ya isa. Na san da nauyi. Za ka ji kamar kowa na kallonka, kuma kowa na kallonka ɗin ne. Amma nauyin na yini ɗaya ne, nawa kuwa ka ga shekarun da ya yi.

Ko ka je ko ba ka je ba, albarkata tana tare da kai, ba na ciniki da ita. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka sauka a hannu nagari. Allah ya haɗa ka da 'yan haya masu tsoronsa, ya sa su ma su ce sun dace da wakili. Ya tsare ka daga zafin zuciya, da mugun aboki, da ƙofar hukuma. Ya buɗe iyaka mazan mutane su dawo, ya jiƙa ƙasar nan da ruwa mai albarka. Ka riƙe salla, ka gaida Alhaji Maina, ka riƙa aiko wa uwarka da labari ko ta bakin direba ne.

Guduma da ƙusoshi suna kan dakalin zaure. Ƙyauren nan yana da nauyi, mutum ɗaya ba ya iya riƙe shi yana bugawa. In ka ɗauko, ka kira ni in riƙe maka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.